Hotuna 19, bango ɗaya: ta ina zan fara?

Autar Mama:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Wata uku ke nan da muka tare, amma bangon falo yana nan fayau, ko kalanda babu. Na zauna na ware hotuna 19 da nake so in rataya: na aurenmu, na yaranmu uku, na iyayen maigidana, sai wasu tsofaffi da na samo a akwatin mahaifiyata bayan rasuwarta. Bangon faɗinsa mita uku da rabi, akwai doguwar kujera a jikinsa. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. In sayi firam iri ɗaya duka, ko in gauraya? Sannan yaya ake jera su su yi kyau ba tare da na mayar da bango rariya ba? Akwai guda ɗaya na Mama tana budurwa, baƙi da fari, bai fi tafin hannu ba. Shi kaɗai ne, duk danginmu babu mai irinsa. Shi nake so ya zauna a tsakiya.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama. Ƙanwata, kada ki wahalar da kanki, ki sayi iri ɗaya. Baƙi siriri, ko launin katako. Hotunanki sun riga sun bambanta da juna, wani mai kala, wani baƙi da fari, wani an ɗauka a rana, wani a cikin ɗaki. Idan firam ɗin ma kowanne da nasa launi, ido ba zai san inda zai sauka ba. Firam ɗin shi ne zaren da zai ɗinke su. Nawa guda tara ne, duk baƙi, uku uku uku, kowa ya shigo sai ya tsaya ya kalla.

Hajiya Babba:
Amin, Allah ya sa ta huta. Ni kam ban yarda da wannan ba, Maman 'Yan Biyu. Gida ne fa, ba ofis ba. Bangona ya fi shekara talatin ina ƙara masa hoto ɗaya bayan ɗaya. Akwai na mahaifin maigidana a cikin tsohon firam ɗinsa na katako mai sassaƙa, har da ɗan tsagewa a kusurwa. In cire shi in sa shi a baƙar roba don ya yi kama da na jikokina? Firam ɗin ma yana da nasa labarin. Wanda ya kalli bangona zai gane wane ne ya riga wane zuwa duniya tun kafin ya dubi fuska.

Maman 'Yan Biyu:
Gaskiyarki Hajiya, amma naki a hankali ya taru, shekara da shekaru. Ita yau za ta fara, kuma duka sababbi za ta saya. Idan mutum ya shiga shago rana ɗaya ya kwaso zinariya da ja da fari da azurfa wai don su bambanta, ba tarihi zai fito ba, hayaniya ce za ta fito.

Malam Mai Hoto:
Ku yi haƙuri in katse ku, akwai abin da ya fi launin firam gaggawa. Autar Mama, bangon nan rana tana taɓa shi?

Autar Mama:
Eh Malam. Taga tana kallonsa. Daga la'asar rana takan kwanta a kansa har kusan magariba.

Malam Mai Hoto:
To don Allah kada ki rataya ainihin hoton Mama a wurin. Shekara ashirin da wani abu ina sana'ar nan, kuma babu abin da ya fi yi mini ciwo kamar a kawo mini hoton da ya riga ya koɗe a ce in dawo da shi. Abin da haske ya cinye ya tafi ke nan. Kwamfuta tana iya ƙirƙiro fuska mai kama, amma ba ta dawo da wadda ta goge.

Bari in ɗan yi bayani. Hoto mai kala da aka wanke a situdiyo rini uku ne a jikinsa, ɗaya kan ɗaya: mai ruwan shuɗi, mai ruwan ja, da rawaya. Ba sa koɗewa tare. Wanda ya riga gudu, sai sauran su rinjaye shi. Shi ya sa za ki ga wani tsohon hoto ya koma jaja-jaja, wani kuma shuɗi-shuɗi. Baƙi da fari na da ya fi su juriya, domin hotonsa ƙananan ƙwayoyin azurfa ne a cikin wani siririn shafi mai kama da danƙo a saman takardar. Amma shi ma yana da nasa maƙiyan, zafi da danshi. Idan shafin nan ya sha laima sai ya yi laushi ya manne da gilashi. Ranar da aka zo cirewa, rabin fuskar a gilashi take tsayawa. Na ga haka da idona ba sau ɗaya ba.

Shawarata, a yi masa sikan mai kyau, a wanke kwafi, shi za ki rataya. Na ainihin ki sa shi a ambulan na takarda marar asid, ki ajiye a wuri mai duhu, busasshe, marar zafi.

Autar Mama:
Malam na gode, amma maganar nan ta yi mini nauyi. Wannan takardar ita ce Mama ta riƙe da hannunta. Shekaru tana cikin akwati a ƙarƙashin kaya, ba mai ganinta. Yanzu na fito da ita, kuma a ce in sake mayar da ita duhu? Kwafi kwafi ne.

Kawu:
Ina bayanki, 'yata. Hoton da ke ƙasan akwati wa yake amfana? Mu da muke kallonsa ma ba dawwama za mu yi ba. Idan zai yi shekara arba'in a bango tana ganinsa kullum safe da yamma, ya fi ya yi shekara ɗari a ambulan.

Anti Nas:
Me zai hana a yi masa leminetin kawai? Ruwa ba ya shiga, ƙura ba ta shiga, shike nan an huta.

Malam Mai Hoto:
A'a Anti, don girman Allah ban da leminetin. Zafi da gam ake amfani da su a manne roba a jikin takardar, kuma ba ya ɓaruwa. Idan robar ta fara yin rawaya ko ta yi kumfa, ba yadda za a yi a ceto abin da ke ciki. Haka salatif, haka gam na ruwa. Duk abin da ba za a iya cirewa ba tare da ya bar tabo ba, kada ya kusanci hoton da ba shi da na biyu.

Kawu, ranka ya daɗe, na ji maganarka kuma ban raina ta ba. Amma ba ita kaɗai ce mai haƙƙi a hoton nan ba. Tana da 'yan uwa, tana da 'ya'ya, za ta yi jikoki da ba su taɓa ganin matar nan ba. Kuma a bangon da rana ke duka kullum, babu wanda zai iya yi mata alkawarin shekara arba'in ɗin.

Idan zuciyarta ba za ta iya rabuwa da shi ba, ga tsaka-tsaki. Na farko, a yi sikan ɗin tukuna, ko ma mene ne za a yi bayansa. Na biyu, na ainihin ya koma bangon da rana ba ta isa, kamar ɗakin kwananta ko lungun da ke tsakanin ɗakuna. Na uku, a sa masa kwalin gefe, wato farin kwalin nan mai kauri da ake yanke wa taga a tsakiya. Mutane suna ɗauka ado ne kawai, alhali babban aikinsa shi ne ya hana hoto taɓa gilashi. A tabbatar marar asid ne, domin kwali na banza shi ne yake barin layin ruwan ƙasa a gefen hoto. A riƙe hoton da ƙananan aljihunan kusurwa, ba da gam ba. Na huɗu, akwai gilashi na musamman da ke tare kusan kashi 99 cikin ɗari na hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani. Yana taimakawa sosai, amma hasken da ido ke gani ma yana cin hoto, don haka gilashin ba izinin sa shi a rana ba ne.

Kawu:
To wannan na yarda da shi. Tana ganinsa, kuma bai lalace ba.

Autar Mama:
Ɗakin kwana ya yi mini. Kwafin ya zauna a falo. Malam, me zan ce wa mai sikan ɗin? Ba na so in je a yi mini abin da aka ga dama.

Malam Mai Hoto:
Ki ce ɗigo 600 a kowane inci, kuma a yi shi da kala ko da yake baƙi da fari ne, don ya riƙe ainihin launin tsufan takardar. Idan hoton inci uku da rabi ne da inci biyar, za ki samu fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a kwamfuta) 2100 da 3000, wanda ya isa a wanke shi ninki biyu na girmansa. A yi wa bayansa ma sikan idan akwai rubutu ko hatimin situdiyo. Ki tsaya a yi a gabanki ki karɓi abinki, kada ki bar shi ya kwana. Fayil ɗin kuma ki ajiye shi a wuri fiye da ɗaya.

Kafinta:
Tunda an gama da wannan, mu dawo kan bango. Hajiya Auta, auna mini abu biyu: faɗin kujerar, da tsayin bayanta daga ƙasa.

Autar Mama:
Faɗi santimita 210. Tsayin baya 85.

Kafinta:
Madalla. Kuskuren da na fi gani a gidaje shi ne rataya hoto can sama kusa da silin, sai mutum ya ɗaga wuya kafin ya ga fuskar kakarsa. A gidajen adana zane-zane, tsakiyar hoto suke sawa daidai ido, wajen santimita 145 zuwa 152 daga ƙasa. Tsakiyar hoton nake nufi, ba saman firam ba, ba kuma ƙusar ba.

Lissafin bango da babu komai a jikinsa ke nan. A saman kujera kuwa, kujerar ce take ba da umarni. Ƙasan firam mafi ƙasa ya kasance santimita 15 zuwa 25 a saman bayan kujera. Idan ya fi haka nisa sai hotunan su zama kamar suna shawagi su kaɗai, idan ya gaza kuma ƙeyar mai zama za ta riƙa bugunsu. Ke a wajenki, layin ƙasa ya fara daga 105. Faɗin jerin gaba ɗaya kuma ya kai kamar kashi biyu cikin uku na kujerar, wato wajen 140. Tsakanin firam da firam a bar santimita 5 zuwa 8, kuma duk wanda kika zaɓa ki riƙe shi a ko'ina. Wannan tazarar ita ce sirrin. Ko firam ɗin sun bambanta, idan tazarar ɗaya ce za su zauna kamar 'yan gida ɗaya.

Yanzu ga maganar da ba za ki so ba. Hotuna 19 ba za su shiga wannan filin ba, sai dai in ƙanana ƙwarai za ki yi su. Tara, ko sha ɗaya.

Hajiya Babba:
Wa ya kafa dokar kashi biyu cikin ukun nan? Bangonta mita uku da rabi ne. Ta cika abinta.

Malama:
Hajiya tana da hujja a tarihi ma. Wannan salon na cika bango da firam iri-iri yana da asali. A Faransa, makarantar masu zane ta masarauta ta fara baje kolin ayyukan mambobinta a 1667, daga 1725 kuma aka riƙa yin sa a wani zaure na fadar Louvre a birnin Faris. Zane-zanen sun yi yawa, wuri ya yi kaɗan, sai aka riƙa jera su gefe da gefe tun daga kusa da ƙasa har rufi. Manyan a sama, ƙananan a ƙasa inda ido zai iya ganin dalla-dallarsu. Masu zanen da aka kai aikinsu can ƙololuwa sukan yi ƙorafi, domin ba mai ganinsa da kyau. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, cika bango ba laifi ba ne, amma duk wanda kika kai sama kin rage masa masu kallo. Ƙaramin hoto mai fuskoki da yawa ya sauko ƙasa, babba mai fuska ɗaya ya hau.

Kafinta:
Ba doka ba ce Hajiya, ma'auni ne na farawa. Idan za ta cika bangon duka daga gefe zuwa gefe, wannan wani tsari ne daban kuma yana kyau. Abin da ba ya kyau shi ne tsaka-tsakin, jerin ya wuce kujera da ɗan kaɗan ta gefe ɗaya kamar an yi kuskure.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai ragewa nake goyon baya. Hoto tara da kowa zai tsaya ya kalla sun fi sha tara da za a wuce da kallo ɗaya.

Autar Mama:
Ragewar ce matsalar ai. Na gwada jiya da daddare. Duk wanda na ɗauke sai in ji kamar na kori mutum daga gida.

Yaya Babba:
Ƙanwata, a nan ne nake so ki yi taka-tsantsan, fiye da wajen launin firam. Lokacin da na yi nawa bangon, ban lura ba na sa hoton babbar 'yata guda huɗu, na biyun guda biyu, ƙaramin kuwa ɗaya tak, shi ma a cikin taro. Ba da gangan ba ne. Ɗan fari ya fi samun hoto, kowa ya san haka. Wata rana na tarar da yaron a tsaye gaban bango yana ƙirgawa da yatsa. Shekararsa shida a lokacin. Bai ce komai ba, ya juya ya fita. Ban yi barcin kirki ba a daren. Washegari na sauke duka na sake lissafi.

Yara suna ƙirgawa. Surukai ma suna ƙirgawa, ba sa faɗa ne kawai. Idan mahaifiyarki tana tsakiya a babban firam, ki duba inda iyayen maigidanki suka faɗa, kuma ki zauna da shi ku zaɓa tare. Falon nasa ne shi ma.

Hajiya Babba:
Wannan magana ce ta manya. Allah ya yi miki albarka.

Autar Mama:
Wallahi Yaya kamar kin leƙo. Na duba yanzu: babban yana da biyar, autana ɗaya.

Malama:
Sauran goman ba korar su za ki yi ba. Ki ba su wani bangon. Lungun shiga ɗakuna ya dace da ƙananan hotuna, domin a nan mutum dab da bango yake wucewa. In akwai matattakala, sai su bi hawanta, tsakiyar kowane hoto nisa ɗaya daga matakin da ke ƙarƙashinsa. Wuraren da za ki guje wa su ne kicin saboda tururi da maiƙo, kusa da banɗaki, da duk bangon da kika san yana jiƙa.

Ɗan Haya:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Gidan haya nake, kuma a yarjejeniyarmu ba a huda bango. Akwai dabara?

Kafinta:
Akwai maƙalai masu gam da ake sayarwa don wannan, biyu-biyu suke, ɗaya a bango ɗaya a bayan firam. Suna aiki idan an bi ƙa'idarsu. Bango ya zama mai santsi, a goge shi ya bushe, fenti ya kwana aƙalla mako guda, a danna sosai, a jira kamar awa ɗaya kafin a ɗora nauyi. Nauyin da za su iya ɗauka yana rubuce a jikin kwalinsu, ka auna firam ɗinka kada ka yi kirdado. A bango mai gurzi-gurzi ko fentin da ke fita kamar gari a hannu, kada ma ka fara. Wajen cirewa kuma a ja harshen ƙasa a hankali yana bin bango, ba a fizgo shi waje ba.

Ka nemi firam mai fuskar roba mai haske maimakon gilashi. Nauyinta kusan rabin na gilashi ne, kuma in ta faɗo ba ta tarwatsewa. Aibinta, tana saurin ƙarcewa kuma tana jan ƙura. In kana da kabad ko wani dogon teburi a jikin bango, jingina su kawai, manya a baya ƙanana a gaba. Ko huda ɗaya babu.

Anti Nas:
Maganar roba ta tuna mini. Masu ƙananan yara ku kula da abin da ke saman gado da inda suke wasa. Na sha ɗinke ƙafar yaro saboda fasasshen gilashi. Firam mai nauyi kada ya zauna a saman inda mutum yake kwana.

Autar Mama:
Malam Kafinta, saura maganar rariya. Yaya zan san inda zan buga ƙusa tun farko?

Kafinta:
Kada ki taɓa guduma sai kin gama da takarda. Ki shimfiɗa firam ɗin duka a ƙasa, a cikin fili mai girman wanda kika auna a bango. Fara da babban, sauran su kewaye shi. Ki yi ta juya su har ranki ya kwanta, sai ki hau kujera ki ɗauki hoton jerin da waya. A waya ake ganin inda ya yi nauyi gefe ɗaya.

Daga nan ki ɗora kowane firam a kan tsohuwar jarida, ki zana gefensa, ki yanke. A kan kowace takarda ki sa alamar daidai inda maratayin yake. Ki liƙa takardun a bango da tef ɗin masu fenti, wanda ba ya ɓare fenti. Ki bar su kwana biyu. Ki kalle su a zaune, ki kalle su daga ƙofa, da safe da kuma dare. In sun yi, ki buga ƙusar ta cikin takardar a kan alamar, sannan ki yage takardar.

In firam mai igiya ne a baya, ki ja igiyar sama da yatsa kamar tana rataye, ki auna daga nan zuwa saman firam. Misali firam mai tsayi 50, igiya ta tsaya santimita 7 ƙasa da samansa, kina so ƙasansa ya zauna a 105. To 105 a haɗa da 50 a cire 7, ƙusa a 148.

In bangon bulo da siminti ne, ƙusar katako lanƙwashewa za ta yi, ta kuma ɓalle filasta. Ƙananan firam, ƙusar ƙarfe ta kankare ta isa. Masu nauyi a huda da inji, a sa fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a ramin, sannan sukuru. Kafin a huda ko'ina, a dubi soket da makunnin wuta. Waya takan bi miƙe sama, ƙasa, ko gefe daga gare su, don haka a kauce wa waɗannan layukan.

Maman 'Yan Biyu:
Wani abu da ya same ni, kada ya same ki. Na sayi firam tukuna, sannan na kai hotuna a wanke. Da aka kawo, hoton da muka yi mu goma sha biyu an yanke ƙanina da ke gefe, kafaɗarsa kawai ta rage. Wani kuma ya fito dishi-dishi.

Malam Mai Hoto:
Wannan lissafi ne, ba mugunta ba. Yawancin kyamarori suna ɗaukar hoto a awon 3 da 2, wato in dogon gefe kashi 3 ne gajeren kashi 2 ne, wayoyi kuma 4 da 3. Takardar inci 4 da 6 ta dace da na farko cif. Amma inci 8 da 10 awonta 5 da 4 ne. Hoton kyamara idan gajeren gefensa ya zama inci 8, dogon zai zama 12, ke nan inci biyu sai sun tafi. In mutane sun cika hoton daga gefe zuwa gefe, a wanke shi 8 da 12, ko a bar shi cikakke a cike ragowar da kwalin gefe. Kwalin ma yana rufe 'yan milimita na bakin hoto, a tuna da wannan. Shi ya sa nake cewa hoto tukuna, firam daga baya.

Dishi-dishin kuwa, galibi daga turawa ne. Manhajojin hira suna matse hoto su rage masa girma. A waya ba a ganewa, sai an wanke. Don inci 8 da 10 mai kyau ana son fiksel 2400 da 3000, kuma wayar da ke da megafiksel 12 tana ba da haka. A nemo na asali daga wayar da ta ɗauka, a tura shi a matsayin fayil, ko a kai shi a filashi.

Hajiya Babba:
Kafin ki rufe bayan kowane firam, ki rubuta su wane ne a ciki da shekarar. Ina da hoto na mutum bakwai, uku kawai na sani, kuma duk wanda zan tambaya ya riga mu gidan gaskiya. Da fensir mai laushi, ba biro ba, biro yana huda takarda kuma tawadarsa tana ratsawa.

Autar Mama:
Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan mako biyu. Tara muka rataya, ni da maigidana muka zaɓa. Kowane yaro ɗaya shi kaɗai, ɗaya su uku tare, na aurenmu, na iyayensa biyu, na Babana, sai Mama a tsakiya. Sauran goman suna lungu.

Firam kuwa, ba na Maman 'Yan Biyu ba ne zalla, ba na Hajiya ba ne zalla. Duk katako ne mai duhu, amma kauri da girma sun bambanta, kuma duka da farin kwalin gefe. Na mahaifinsa mun bar shi a tsohon firam ɗinsa da ya zo da shi daga gida.

Hoton Mama na sa an wanke shi babba da farko, sai na ga fuskar ta yi laushi, ba ita ba ce sosai. Na koma aka wanke shi daidai girmansa na asali, aka sa shi a firam mai santimita 40 da 50, farin kwali mai faɗi ya kewaye shi. Shi ne mafi ƙanƙanta a bangon, amma duk wanda ya shigo wajensa yake fara nufa, har sai ya matso dab. Na ainihin yana ɗakina, bangon da ba rana. Yayyena huɗu kowa ya karɓi kwafi. Babbar yayarmu ta kira ni tana kuka, ta ce ba ta taɓa sanin akwai hoton ba.

Malam Mai Hoto:
Alhamdu lillahi. Kin yi daidai da kika mayar da shi ƙarami. Wajen gogewa, ki fesa ruwan a tsumma, ba a gilashin ba, don kada ya gangara ya shiga ta ƙasan firam. Da la'asar kuma ki riƙa sauke labule.

Hajiya Babba:
Masha Allah. Kin bar wurin ƙari kuwa? Iyali ba ya tsayawa a tara.

Autar Mama:
Na bari ta hannun dama, Hajiya. Malam Kafinta, abu ɗaya ya rage. Na auren namu kullum sai ya karkace hagu, duk lokacin da aka rufe ƙofa da ƙarfi.

Kafinta:
Ƙusa ɗaya ce ke riƙe da igiyar, shi ya sa yake zamewa. Ki ƙara ta biyu a layi ɗaya da ita, tazarar kamar faɗin tafin hannu, igiyar ta hau duka biyun. Zai ɗan ɗaga sama kaɗan, don haka ki sake auna tazararsa da na kusa da shi. Sannan ki liƙa ƙananan robobi a kusurwoyin ƙasa biyu ta baya. Za su riƙe shi, kuma iska za ta riƙa wucewa tsakaninsa da bango.